Fentin saman jeep ɗina yana cinyewa a gindin keriya, daga keriyar ne ko daga ni?

Baban_Khalifa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda suka san harkar mota ku taimaka min da shawara kafin in je in zubar da kuɗi inda bai kamata ba.

Ina da jeep ƴar Japan ƙirar 2012, baƙa, tokumbo ce, shekara uku kenan da na saye ta kuma da keriyarta ta zo, ina nufin dogayen ƙarafunan nan biyu da suke kwance a saman rufi hagu da dama, da wasu guda biyu da suka gitta a tsakaninsu. Ba ni na ɗaura ba, ba dila ba ne ya ɗaura, ta asali ce don har hotonta akwai a cikin littafin motar. Toh ranar Asabar na kai ta wanki, yaron da yake wankewa ya taka taya yana goge sama sai ya ce Alhaji zo ka ga wani abu. Na taka bakin ƙofa na leƙa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Daidai inda ƙafar keriyar ta zauna a gaba ta ɓangaren direba fentin ya dusashe ya yi fari-fari kamar an bi shi da samfefa, ya zagaye ƙafar kamar zobe. Ƙafar baya kuma ta fi muni, wajen ya kumbura ya yi ƙuraje guda uku ko huɗu, da na danna ɗaya da farce sai ya fashe wani jan gari ya fito. Ɗaya ɓangaren da sauƙi, dusashewar ce kawai babu kumburi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne sauran jikin motar tas yake, ko bonet bai dusashe ba, to me ya sa sai wajen nan kawai? Gaskiya ba na yawan ɗora kaya, sai dai in mun je gida Haɗeja da sallah in ɗoro buhun shinkafa biyu a sama saboda but ya cika da kayan yara, wannan kuma bai fi sau biyu a shekara ba. Motar a waje take kwana, da rana kuma a ofis ƙarƙashin darbejiya nake ajiye ta.

Yanzu ni dai ban san ta inda zan fara ba. In cire keriyar gaba ɗaya in huta? In na cire ramukan fa? Kuma rufin duka za a fesa ko iya wajen da ya lalace za a taɓa? Ga damina ta kusa, ina tsoron ruwa ya fara shigo min ta sama. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Sadiq_Turbo

Wslm Oga. Ni dai a ganina cire ta kawai ka yi, me ake da keriyar da sai sallah-sallah ake amfani da ita, ga ƙarar iska da take yi in ka kama hanya ga shan mai. Ka je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ko wajen kowane fanal bita ya kwance maka ita, a toshe ramukan da silikon a fesa baƙin fenti a wajen shikenan, ai ba mai hawa sama ya duba maka rufi. Motar ma ta fi kyau in babu ita wlh.

MaiFenti_Kaduna

Wa alaikumus salam Alhaji. Sana'ata kenan, sama da shekara ashirin ina fesa mota, kuma irin wannan aikin yana zuwa min sosai musamman daga ƙarshen hunturu zuwa farkon damina. Ƙanina Sadiq ka yi haƙuri, maganar silikon ɗin nan kada Alhaji ya ɗauka, zan zo kanta.

Abubuwa biyu ne a saman motarka, kuma ba ciwo ɗaya ba ne ko da yake waje ɗaya suka fito. Farin zoben nan na gaba gogayya ce. Kowace ƙafar keriya tana da roba a ƙasanta wadda take raba ta da fenti, lokacin da motar take sabuwa robar tana da laushi ta manne ɗam babu abin da yake shiga. To shekara goma sha wani abu a rana, balle ranarmu ta nan da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu kuma baƙar mota ta fi kowace jan zafi, robar sai ta bushe ta ƙanƙance bakinta ya ɗan ɗaga. Da zarar ya ɗaga ƙurar hunturu ta samu gida. Ƙurar nan kuwa ba gari ba ce kamar yadda ido yake gani, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Kana tafiya keriya tana ɗan girgiza, motsin da ido ba ya kamawa, amma kowane rami ka faɗa, kowane kwanta-kwanta ka haura, yashin nan yana tsakanin roba da fenti yana ci. Samfefar da ka ambata ita ce ɗin dai, sai dai a hankali take aiki, wata da watanni.

Mutane suna ɗauka fentin mota wani abu ne mai kauri. Na kamfani gaba ɗayansa, daga shafin farko da ake tsoma ƙarfen a ciki, da faraima, da kala, da kiliya ta sama mai sheƙi, yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150, kiliyar ita kaɗai wajen 40 zuwa 50, ko kaurin gashin kai ɗaya ba ta kai ba. Ka ga ba wani abu mai yawa yashi zai ci ya gama da ita ba. Ga yadda za ka gwada da kanka: ka wanke wajen ka zuba ruwa, in farin ya ɓace yayin da yake jiƙe sannan ya dawo bayan ya bushe to a kiliya abin ya tsaya, folish mai kyau da inji zai iya ɗauke mafi yawansa. In kuwa ka ja farce ka ji yana maƙalewa, ko ka ga wata kala toka-toka ta leƙo daga ƙasa, ya wuce folish, sai fenti.

Ƙurajen baya su ne abin damuwa, tsatsa ce, kuma daga ƙasa ta taso. Jan garin da ya fito ƙarfen rufinka ne. Ruwa ya samu hanya ya kai ga ƙarfe, ko ta inda yashi ya cinye fenti har ƙasa ko ta ramin bol ɗin da ya riƙe keriyar, sai ya kwanta a ƙarƙashin roba inda rana ba ta busar da shi da wuri, ga ganyen darbejiya da ƴaƴanta da kashin tsuntsu suna taruwa a lungun suna riƙe danshi. Abin da na sani a aikin nan shi ne tsatsar da ka gani a waje ƙanwa ce, yayarta tana ƙarƙashin ƙafar, in an ɗaga za ka ga ta fi haka faɗi. Don haka duk wanda ya ce zai gyara maka ba tare da ya kwance keriyar ba, ya manna takarda a gefenta ya fesa, kada ka yarda, kafin damina biyu ta dawo.

Aikin da ya dace shi ne a sauke keriyar, a kankare wajen har sai farin ƙarfe ya bayyana ko'ina babu ɗigon ja, a sa maganin tsatsa, a sa faraima irin ta ifoksi wadda take kama ƙarfe tsirara, sannan kala da kiliya. Kada a bari a cika maka wajen da bodi fila a kan tsatsa, wannan rufe ciwo ne da ƙuda a ciki. Maganar ko rufin duka za a fesa, ya danganta da inda ciwon yake. Motoci da yawa keriyarsu a cikin wani ɗan kwari take zaune, kwarin da ya bi gefen rufi daga gaba zuwa baya inda aka haɗa rufi da gefen mota, in lalacewar ba ta fito daga kwarin ba ana iya gyara iya nan a tsaya a bakin layin ba wanda zai gane. In ta hau kan shimfiɗar rufin, ni shawarata a bi rufin gaba ɗaya da kiliya daga gefe zuwa gefe, domin kiliyar da aka tsayar a tsakiyar fili bakinta yana fitowa bayan rana ta dake shi, a baƙar mota kuwa ba ya ɓuya. Kuma a duba lambar kala a jikin takardar da take manne a ginshiƙin ƙofar direba a haɗa fenti da ita, baƙi ba ɗaya ba ne, wani da ƙyalli a ciki wani babu.

Silikon kuma, irin na gini da ake sa wa gilas da bahon wanka, wanda in ka buɗe kake jin tsami yana dukan hanci, asid yake fitarwa yayin da yake bushewa, in ya zauna kan ƙarfen da ba fenti shi da kansa yake kiran tsatsa. Bayan haka fenti ba ya kama inda silikon ya taɓa, sai ka ga yana tsagewa yana yin ido-ido, mu masu fenti ba abin da muka tsana kamarsa a gareji. Akwai sila ta jikin mota da aka yi don wannan aikin, akwai kuma baƙin danƙon nan butil, su ake sa wa a ramin bol.

Maman_Iman

Sannunku da ƙoƙari. Baban Khalifa ni dai ta ɓangaren cirewar zan yi magana don ya faru da ni. Shekarar da ta wuce maigidana ya sa aka cire ta tawa motar saboda ƙarar da take yi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, wani yaro ne a bakin titi ya cire, ya toshe ramukan ya ce an gama. Duk rani lafiya lau. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi cikin watan Yuni ina ɗauko yara daga islamiyya sai ƙaramar ta ce Mama ruwa yana ɗigo min a kai, na ɗaga ido na ga silin ya yi wani tabo kamar taswira ta wajen kujerar baya. Kafin sati motar ta ɗau wari irin na kayan da ba su bushe ba, fitilar ciki ta fara kawowa tana ɗaukewa, kafet ɗin ƙasa ma ashe ruwa yana bin ginshiƙi yana sauka ya taru a ƙarƙashinsa ba mu sani ba.

Da muka kai wajen wanda ya san aiki sai da aka sauke silin gaba ɗaya, ya nuna mana rami biyu da abin toshewar ya ɓanɓare ya bar su a buɗe. Shi ne ya ce ai in za a cire keriya bol ɗin ake mayarwa cikin raminsa da wosha mai roba da sila, sannan a nemo robar da take rufe kwarin irin ta motocin da ba su zo da keriya ba, a ƴan kayan gyara ake samu. Kuɗin da muka kashe a wankin silin da gyaran waya ya ninka na cirewar ban san sau nawa ba. Don haka don Allah in ma cirewar za ka yi kada ka ba wa mai sauri, kuma ka tsaya a kai a zuba ruwa da tiyo a saman na ɗan lokaci kana ciki kana kallo kafin ka biya.

Af, in motarka mai sanruf ce ka sa a duba magudanan ruwansa su ma, mai gyaran ya ce sau da yawa su ne suke toshewa da ƙura a ɗora wa keriya laifi.

Ɗan_Ohayo

Salam Yaya. Ni a Kolombus nake jihar Ohayo, kuma ina ganin motocin da ake saya a gwanjon Copart da IAAI ana turowa gida, shi ya sa nake so in ƙara wani abu a kan bayanin Malam mai fenti, Allah Ya ƙara masa basira don ya gama magana.

Wata tsatsar ba a Kano ta fara ba, da ita motar ta hau jirgi. Nan jihohin arewacin Amurka irin su Ohayo da Mishigan da Niyok, da Kanada wajen Ontariyo, duk lokacin sanyi gishiri ake watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, wata huɗu ko biyar mota tana iyo a ruwan gishiri. Mutane suna duba ƙasan mota kawai in za su saya, amma feshin da manyan motoci suke tayarwa a babbar hanya har rufi yake kaiwa, ya gangara ya shige ƙarƙashin ƙafar keriya ya zauna, kuma injin wankin mota na nan ba ya kaiwa wannan lungun. Ga shi keriya da yawa alminiyom ce, bol da rufin kuma ƙarfe, in ƙarafa iri biyu suka haɗu ga ruwan gishiri a tsakani suna cin juna, za ka ga wani farin gari kamar toka a jikin alminiyom ɗin, bol ɗin kuma ya kafe ya ƙi fita. Motarka ta 2012 ce ka ce shekara uku da sayenta, ke nan ta yi kusan shekara goma a wani waje kafin ta zo hannunka. Ka ɗauki lambar VIN mai harafi da lamba 17 da take ƙasan gilashin gaba ka sa a duba maka tarihinta a Carfax, shafin intanet da yake ajiye tarihin motocin nan, zai nuna jihohin da aka yi mata rajista. In ka ga Teksas ko Arizona ko Kalifoniya to da wuya gishiri ne, can rana ce take ƙona kiliya, in kuwa ka ga jihohin da na lissafa to ka sa a leƙa ƙasanta ma da kyau.

Sannan akwai wani abu daban da mutane suke haɗawa da wannan. Toyota ta fitar da sanarwa a nan a 2019 kan wasu motocinta masu farin fenti kala biyu, Blizzard Pearl mai lamba 070 da Super White mai lamba 040, ciki har da RAV4 da Camry da Corolla da 4Runner na wasu shekaru daga 2008, cewa hasken rana yana raunana kamun da ke tsakanin faraima da shafin ƙasa har fenti ya riƙa ɓarewa, kuma ta ɗauki nauyin sake fesa wa waɗanda abin ya shafa. Wannan ɓarewar falle-falle take yi kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ka ga toka-toka a ƙasa babu tsatsa, kuma tana yawan farawa a rufi da gefen kwarin keriya shi ya sa wasu suke cewa keriya ce. Na kawo shi ne saboda masu farar mota da za su karanta, taka baƙa ce kuma yadda ka kwatanta ba shi ba ne.

In za a sauke silin don a kai ga notin keriyar, don wasu motocin ta ciki ake kwance su, a cire kan batir tukuna a ɗan jira, akwai iyabag na gefe a naɗe a bayan silin ɗin daidai saman ƙofofi, kada yaro ya zura sukundireba a wajen.

Direba_Maradi

Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Maraɗi. Alhaji ni maganar buhu biyu ɗin nan ta tsaya mini a rai, kowa ya wuce ta. Shekaruna da yawa ina jan kat-kat, wato jeep, tsakanin Maraɗi da Damagaram har Agadas, kaya bisa mota ba baƙon abu ba ne gare mu, amma motocin da muke ɗora ma kaya fotbagaj ɗinsu, wato keriyarsu, daban ne, na ƙarfe ne mai ƙafa shida ko takwas da yake kama bakin magudanar rufi, nauyin ya rabu ko'ina. Na kamfani da yake zuwa bisa ƙananan jeep ɗin nan ba don buhu aka yi shi ba, don akwati ne da keke da irin su. Ka buɗe littafin motarka wajen maganar kaya za ka ga iyakar da suka rubuta, yawancinsu tsakanin kilo 45 ne zuwa 75, kuma nauyin sandunan da duk abin da ka shimfiɗa yana cikin lissafi. Buhun shinkafa kilo 50 ne, biyu 100 ke nan, ka wuce iyaka ko da taka mai 75 ce. Wanda yake ɗora buhun masara ko gero mai kilo 100 guda ɗaya ma ya wuce.

Kuma kilo 100 a tsaye daban yake da kilo 100 a guje. In taya ta faɗa rami kayan sama tashi suke su dawo da ƙarfi, duka a kan ƙafafu huɗun nan yake sauka, roba ta matse, bol ya ɗan saki, silar da take ramin ta tsage. Tafiya ɗaya tak ta isa ta buɗe hanyar da ƙura da ruwa za su bi shekara guda suna shiga, ba sai kana yi kullum ba. Ka ce ƙafar baya ta fi lalacewa, ina zaton can buhunan suka fi kwantawa.

Sai igiya. Mutanenmu da robar tayub ko igiyar nailan suke ɗaurewa, a zagayo ta gefen rufi a ja, in iska ta kama ta tana kaɗawa tana dukan fenti tun daga Haɗeja har Kano. Ka sayi bel mai faɗi mai maƙulli, ka ɗaure a jikin sandunan kawai kada ya taɓa tol, wato ƙarfen rufin, kuma kada buhu ya lotsa tsakanin sanduna ya zauna bisa rufi, yana goga shi ma. Ni in da son samu ne ma shinkafar ta shiga but a ƙasa, jakunkunan tufafin yara marasa nauyi su hau sama. Mota mai tsawo in ka ɗora mata nauyi a ka tana rinjaya a kwana, mun ga abin da ya faru da mutane a hanya, wannan ya fi fenti muhimmanci. Allah Ya tsare.

Baban_Khalifa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku, ban zaci zan samu bayani haka ba. Bari in faɗa muku inda aka kwana.

Jiya da yamma na yi gwajin ruwan da Malam mai fenti ya ce, na gaba duka biyun farin yana ɓacewa in an jiƙa, farce ma ba ya maƙalewa, alhamdulillah. Yau da safe na kai ta wajen wani dattijo mai fenti da abokin aikina ya haɗa ni da shi, na ce masa ba fesawa na zo yi ba tukuna, a ɗaga keriya in gani da idona. Tawa ta waje ake kwancewa, murfin roba ne a kan kowace ƙafa aka ɓalle sai ga bol, ba a taɓa silin ba. Abin da muka tarar a ƙarƙashi kuwa, ƙasa ce ta daskare kamar an yi yaɓe, da busassun ganye har da ƙwallon darbejiya guda biyu a cikin kwarin. Robar ƙafar baya ta tsage biyu, kuma bol ɗaya a wajen da yatsa ma ana juya shi, Malam Direba ka yi gaskiya, daidai inda nake kwantar da buhu ne. Na duba littafin kuma, abin da aka rubuta bai kai nauyin da nake ɗorawa ba ko kusa, ban taɓa buɗe shafin ba sai jiya.

Tsatsar ta kai faɗin tafin hannun yaro, kusan ninki uku na abin da ake gani daga waje, amma ya ƙwanƙwasa ya ce ba ta huda ba ƙarfen da sauran ƙwari. Matsalar ita ce ta ɗan fito daga kwarin ta hau shimfiɗar rufin kamar faɗin yatsa biyu. Shi ya ce zai iya tsayar da fentin a nan ya ɓatar da bakin da folish, kuɗin ya fi sauƙi sosai, ko kuma a bi rufin duka. VIN ɗin ma na tura wa wani ƙanina ya duba min, ina jira.

Keriyar dai na yanke shawarar mayar da ita bayan abin da Maman Iman ta faɗa, sandunan tsakiya kawai zan cire in ajiye a gida sai ranar tafiya. Tambayata ta ƙarshe Malam, robar da ta tsage in ba a samu sabuwa ba ya za a yi? Kuma kwana nawa zan jira bayan fenti kafin a ɗaura?

MaiFenti_Kaduna

Madalla Alhaji, ka kama ta da wuri tunda ba ta huda ba. Tunda ta hau shimfiɗa kuma baƙa ce kuma a rana take wuni, ni rufin duka zan bi da kiliya in motata ce, kalar iya wajen gyaran za a sa amma kiliyar ta rufe daga gefe zuwa gefe. Tunda keriyar tana ƙasa yanzu ne aikin yake da sauƙi, in aka tsayar a tsakiya bakin ya fito baɗi sai an sake kwancewa an sake biya.

Robar ka fara nema a wajen masu kayan motocin da aka farfasa, Ƙofar Ruwa ko nan Fanteka, in ba a samu ba a aika Ladipo a Legas, ka je da tsohuwar a hannu a gwada kuma ka lanƙwasa wadda za a ba ka ka ga ba ta bushe ita ma ba. Kada a yanka tayub a sa maka, yana riƙe ruwa kuma ba ya zama daidai. Kafin a ɗora ƙafar, in kana iya samun ledar nan mai gaskiya da ake manna wa fenti don kariya, a yanka ta ɗan fi ƙafar faɗi a manna a ƙasa, yashi ya ci leda maimakon kiliya, in ta dusashe a ɓare a sa wata. Sai dai ita ledar ba a manna ta a kan sabon fenti sai ya yi kamar wata guda ya gama fitar da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi.

Ɗaurawa kuwa, in ba ledar za ka jira ba, in a oban aka gasa kwana biyu ya isa, in iska ce ta busar ka ba shi sati, kuma a cikin satin nan a toshe ramukan bol da tef kada hadari ya shammace ka. Wajen ɗaurewa da hannu za a ɗaure a bi su ɗaya bayan ɗaya, ban da injin iska, bol ɗin ƙanana ne suna karyewa. Ka ce wa yaron wankin ya riƙa sa ruwa mai ƙarfi a gindin ƙafafun da cikin kwarin kafin ya kawo soso, kuma ya daina omo a kan sabon fenti. In sakamakon VIN ɗin ya zo ka sanar da mu, in daga jihohin gishiri take akwai wurare biyu a ƙasa da zan ce a duba maka.